Ƙarfen da Ba Ya Karɓar Ɗori

Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal ta nufi Yawuri da Kwantagora tana ratsa garuruwa uku na jihar Kebbi a jere, wato Aliero da Jega da Maiyama, kuma wanda duk ya bi ta a ƙarshen hunturu, sa'ad da ake cire albasa, zai ga abin da ya ishe shi kallo: manyan motoci da aka danƙare da buhuna har suna rangaji, ƙananan motocin haya masu mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, babura masu goyon mutum uku, da amalanken shanu da ke tafe a gefen kwalta cikin natsuwar wanda bai san ana sauri ba. Dubiya ce ta kai ni, domin wani ɗan'uwanmu ya sami karaya a cinya an kwantar da shi wurin maɗoran Aliero, amma abin da na komo da shi ilmi ne a kan wani ƙarfe da kowane direba ke zaune a gabansa wuni guda, alhali kaɗan ne suka taɓa tambayar yadda aka ƙera shi.

Aliero ta yi suna da abu biyu tun kafin a kafa mata jami'ar kimiyya da fasaha a 2006: albasa da ɗori. Albasar ana ajiye ta cikin rumfunan kara da ciyawa a bayan gari har farashi ya tashi, sannan a loda ta zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta. Ɗorin kuwa gado ne na wasu gidaje, ana kawo musu masu karaya daga nesa, har daga ƙetaren iyaka, kuma idan mutum ya shiga ɗakunan jinyar ya tambayi sababin kowace karaya, zai tarar mafi yawan amsar ba ta wuce babur ko mota ba. Bayan na gaisa da majinyacinmu, sai na zauna da dattijon da ya yi masa aikin, mutum mai ƙarancin magana, na ce masa, "Baba, a cikin waɗanda mota ke kawo muku, wane ne ya fi ba ku wuya?" Ya daɗe yana duban tabarma, sannan ya ce, "Ɗana, ƙahwa da hannu in sunka karye muna ɗorawa, Allah shi ka warkarwa. Amma direban da sitiyari ya buga ga ƙirji, ba mu cika ganinai ba. Irin wanga ba shi kawowa nan."

Maganar ta yi daidai da abin da likitoci suka sani. Ƙashin ƙirji da haƙarƙari su ne garkuwar zuciya da huhu da babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, kuma idan aka murƙushe su da ƙarfi, sai haƙarƙarin ya huda huhu, ko zuciyar ta ƙuje, ko jijiyar ta tsage, jini ya riƙa zuba a ciki inda ido ba ya gani, har a ciro mutum daga mota yana magana, babu tabon jini a rigarsa, ya cika kafin a kai shi asibiti. Babu karan ɗori da ke isa wannan wuri.

Daga Aliero zuwa Jega tafiya ce gajera. Jega gari ne na fatauci tun asalinsa: Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ne ya kafa shi wajajen 1820, bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, a bakin gulbin Zamfara, kuma kafin ƙarnin ya ƙare kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, inda ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja ke yada zango. Jakai da takarkarai sun tafi, amma mahaɗar tana nan, domin a nan hanyar Birnin Kebbi ta gamu da ta Sakkwato da ta Yawuri, kuma inda hanyoyi suka gamu nan ne makanikai da masu walda da masu sayar da kayan mota na hannu ke taruwa.

A ɗaya daga cikin garejojin nan na zauna jiran wani abokina da ya kawo motarsa gyaran birki. Maigidan wurin ya manyanta, ya ce ya koyi aiki ne a kan Fijo 504, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Fijo a 1975. Da na ba shi labarin abin da maɗori ya faɗa, bai ce kome ba, sai ya aiki yaronsa ya jawo wata sandar sitiyari daga cikin tarin ƙarafa, ya goge ta da tsumma, ya aza mini a gwiwa. Sai ga shi abin da nake ɗauka sanda guda ashe biyu ne, ɗaya ta shige cikin ɗaya, babu abin da ya riƙe su sai wasu 'yan ƙusoshin roba. Bututun da ya lulluɓe su shi ma biyu ne a zure. Kuma maƙalar da ke ɗaure sandar a ƙarƙashin allon gaban direba tana da wasu 'yan ƙarafa masu santsi da aka yi su don su zame idan an tura su gaba da ƙarfi. Ya ce, "Malam, dubi nan. Wanda bai sani ba cewa shikai Bature ya yi ha'inci, ya sa roba inda ya kamata shi sa ƙarhe."

Bature bai yi ha'inci ba, amma ya daɗe kafin ya kai ga wannan roba, kuma mutanensa da yawa sun mutu a hanya. A motocin farko, har zuwa bayan yaƙin duniya na biyu, sandar sitiyari rodi ne guda na ƙarfe, ya taso daga akwatin da ke juya tayoyin gaba, wanda a wasu motocin yake can kusa da hancin mota, ya miƙe har ya tsaya daidai saitin ƙirjin direba. Idan aka yi karo gaba da gaba, sai gaban motar ya lotsa ya turo rodin baya, a daidai lokacin da jikin direba ke tafiya gaba, su gamu a tsakiya. Wani Ba'amurke mai suna Hugh DeHaven, wanda ya tsira daga karon jiragen sama a 1917 ya kuma ƙarar da rayuwarsa wajen binciken abin da ke kashe mutane a haɗari, yana cikin waɗanda suka fara jawo hankali ga cewa karo biyu ne ke cikin kowane haɗari, na mota da abin da ta buga, da na mutum da cikin motarsa, kuma na biyun ne ke kisa.

Lissafin abin ba shi da wuya ga mai haƙurin bin sa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta bugi abin da ba ya gusawa, ita ce ta tsaya. Mutumin da ke ciki yana nan a kan gudunsa har sai ya sami abin da zai tare shi, kuma bugun da zai sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsawon kusan mita 10. Idan gudun ya zama kilomita 100, bugun ya ruɓanya sau huɗu, ya zama na mita 40 ba kaɗan. Wannan ƙarfi babu makawa sai ya tafi wani wuri, kuma iyakar abin da injiniya ke da iko a kai shi ne tsawon tazarar da jiki zai tsaya a cikinta: ƙirjin da aka tsayar cikin santimita 2 yana shan ninki goma na abin da zai sha in da an tsayar da shi cikin santimita 20. Saboda haka hikimar duka ta koma ga neman ƙarfen da zai ja da baya a gaban ƙirji sannu a hankali, yana turjiya gwargwadon abin da haƙarƙari ke iya ɗauka, ba ƙari ba ragi, domin in ya yi taushi da yawa zai ƙare nan da nan mutum ya bugi abin da ke bayansa, in kuwa ya yi tauri ya zama mashi.

Wanda ake jingina wa farkon wannan tunani shi ne Bela Barenyi, wanda aka haifa kusa da Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1907, ya yi aiki da kamfanin Daimler-Benz na Jamus daga 1939 har 1972, ya rasu a 1997 bayan ya yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire fiye da dubu biyu. Shi ne ya kawo ra'ayin a ƙera gaba da bayan mota su zama masu lotsewa, a bar ɗakin fasinjoji da ƙarfi, abin da aka ba shi rajistarsa a 1952 aka kuma fara aiki da shi a motocin kamfanin na 1959. Sandar sitiyari mai kariya ya yi rajistarta a 1963, amma ba ta shiga mota cikakkiya ba sai 1976, a cikin Marsandi ƙirar W123, wadda alhazan ƙasar nan suka sani sarai. A cikinta an sa wani yanki na bututu mai ninki-ninki, wanda ke iya tattarewa ko ya lanƙwashe gefe idan bugun ya zo a karkace. Shekara goma sha uku tsakanin sanin magani da ba da shi, a kamfanin da ya fi kowa alfahari da kariya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ilmi ba ya shiga kasuwa da ƙafarsa.

A Amurka kuwa sai da aka yi rigima. A 1965 wani lauya ɗan asalin Labanan, Ralph Nader, ya wallafa littafin da ya tuhumci masu ƙera motoci da fifita ado a kan rayukan mutane, a lokacin da masu mutuwa a hanyoyin ƙasar ke neman dubu hamsin a shekara. A watan Satumba na 1966 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kiyaye lafiyar masu mota, kuma motocin General Motors ƙirar 1967 suka fito da sanda mai tattarewa da reshen kamfanin na garin Saginaw a jihar Mishigan ya ƙera. Wani yanki na bututunta an huhhuda shi ya zama raga, yana iya tattarewa wajen inci takwas. Daga baya aka sauya dabara, aka cusa ƙananan ƙwallayen ƙarfe tsakanin bututu biyu, ta yadda idan ɗaya ya shige cikin ɗaya sai ƙwallayen su riƙa saɓar jikin ƙarfen suna cinye ƙarfin bugun. Daga ranar 1 ga Janairu 1968 abin ya zama wajibi, da sharaɗi biyu da har yau ake aiki da irinsu a ƙasashe da yawa: idan aka buga mota da bango a gudun kilomita 48 a awa, kada sandar ta komo baya fiye da milimita 127, wato inci biyar, idan kuma aka jefa gunki mai siffar ƙirji a kan sitiyari a gudun kilomita 24, kada ƙarfin da zai same shi ya wuce nauyin laba 2,500. A 1981 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta auna fa'idar abin, ta tarar ya rage mutuwar direbobi a karon gaba da kashi 12 cikin 100, kimanin rai 1,300 ke nan a kowace shekara.

Kashi 12 ba abin rainawa ba ne, amma kuma ba laya ba ce, kuma mai karatu ya riƙe adadin nan na kilomita 48, zai yi masa amfani a hanyar Maiyama.

Na tambayi maigidan garejin ko yaransa sun san duk wannan. Ya yi dariya ya ce abin da ya fi yi musu faɗa a kai shi ne guduma. Idan za a cire kan sitiyari ya ƙi fita, yaro sai ya ɗauko guduma ya doki kan sandar, bugu ɗaya ko biyu ƙusoshin roban nan sun karye, alhali akwai abin jawo shi da aka yi don wannan aiki, kuma littattafan gyara na masu ƙera motocin sun hana dukan. Haka nan motar da ta taɓa yin karo, ko da direban ya fita lafiya, sau da yawa sandar ta riga ta yi aikinta: sitiyarin ya ɗan matsa kusa da allon gaba, yana girgiza a hannu, 'yan ƙarafan maƙalar sun goce daga mazauninsu. Hukuncin irin wannan sanda a wurin masu ƙera ta guda ne, a cire a sa wata. "To amma mai mota shi zo," in ji shi, "ka gaya mai kuɗin wata, shi ce maigida ka yi min dabara. In ka ƙi, shi tai wurin mai walda, a ɗiga mai wuta wuri biyu, girgiza ta ɗauke, shi tahi yana shi mai albarka. Ƙashi ne ka karɓar ɗori, Malam. Wanga ƙarhe in anka ɗora shi an kashe shi."

Na bar Jega da hantsi a motar haya, muka haye gadar gulbin Zamfara, inda masu noman rani suka mai da fadama kore shar da shinkafa da albasa da tattasai, muka miƙi hanyar kudu. An ba ni kujerar gaba, mu biyu, na cikinmu rabin jikinsa a kan giya. Direban yaro ne mai ladabi, yana ce mini Baba, kuma bel ɗinsa a maƙale yake ta bayan kujera don kada motar ta dame shi da ƙara. Idan mun doshi shingen jami'an hanya sai ya jawo shi ya rataya a kafaɗa, da mun wuce ya sake shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun farkon 2003, amma abin da aka koya daga tilascin shi ne inda ake ɗaurawa, ba dalilin ɗaurawa ba. Allurar gudu na dube ta sau ɗaya ban ƙara ba, don ta ninka adadin gwajin nan har da ɗoriya.

Na ce masa, "Ɗana, ka san sandar nan da ke gabanka an yi ta ne ta yi aiki tare da bel ɗin da ka jefa baya?" Ya ce, "Baba, kwana in ya ƙare ya ƙare." Ban yi masa musu ba, domin gaskiya ya faɗa, illa dai na lura bai bar duba mai da ruwa ba kafin mu tashi, bai kuma ce wa ɗan kamasho arziki na Allah ne a bar kuɗin mota ba. A motocin zamani bel ne ke fara riƙe jiki, jakar iskar da ke cikin sitiyari ta tarbi kai da ƙirji, sandar kuma ta ja da baya a ƙarƙashinsu, dukansu cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma an auna kowanne ne bisa zaton sauran biyun suna nan. Wanda ya cire bel ya aza wa sandar nauyin da ba a ƙaddara mata ba. Wanda kuma ya sayi mota 'yar Kwatano da jakar iskarta ta riga ta fashe aka liƙe murfin, ya rasa na biyun bai sani ba. Motocin da ba su da hanci, irin bas-bas da ƙananan motocin ɗaukar albasa, waɗanda direba ke zaune bisa tayar gaba, nasu ya fi tsanani, don tsakanin gwiwarsa da abin da zai buga babu wani ƙarfen kirki da zai lotse.

Akwai kuma mas'alar juyin sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka motar da ta dace da hanyoyinmu ita ce mai sitiyari a hagu, amma motocin da aka yi don Ingila da Japan sun fi araha, sai a shigo da su a cire sitiyarin a mai da shi ɗaya gefen. Idan an yi aikin da kayan da aka ƙera don hagu, da sauƙi. Sau da yawa kuwa yanka ake yi a ƙara, a huda sabon wuri, a ƙera maƙala da hannu a yi mata walda, kuma maƙalar da aka yi wa walda ba ta zamewa. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan motoci, galibi saboda tsoron kada sitiyarin ya tsinke ana cikin gudu, amma illar da ba a cika ambata ba ita ce wadda ke jiran ranar karo.

Maiyama gari ne na manoma, hedikwatar ƙaramar hukuma, kwaltar ta raba shi ta wuce Koko. Na sauka na yi azahar, na ci abinci a wata rumfa ta bakin hanya, kuma daura da rumfar akwai mai walda da ke aikin ƙofofi da garmar shanu da duk abin da aka kawo. Aikinsa mai kyau ne, na duba. Na tambaye shi ko ana kawo masa sitiyari, ya ce ana kawowa, kuma nasa ba ya sake motsi har motar ta mutu. Ya faɗi haka ne da alfaharin mai sana'ar da ya tsare amana, kuma a nan matsalar take, domin duk tarbiyyar maƙeranmu da masu waldarmu a kan ƙarfafawa aka gina ta, abin yabo ne a ce aikin wane ba ya karyewa, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai wuri guda a jikin mota da aka raunana da gangan, bayan lissafi da gwaji, kuma raunin shi ne aikin. Da na kwatanta masa yadda abin yake, ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, to ai sai a gaya muna."

A ganina laifinsa kaɗan ne, na mai motar da ya san an ce ya canja ya ƙi ya fi, na dillalin da ya gyara motar haɗari ya shafe ta da fenti ya sayar bai faɗa ba shi ne mafi girma. Wannan na ƙarshe fiƙihunmu bai bar shi a duhu ba: duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san algus da ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa idan aibin ya bayyana. Malaman Malikiyya sun kuma ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su aiki, saboda maslahar jama'a. Ko wannan lamuni yana kai wa ga wanda ya yi gyaran da ya zama sababin rasa rai, wannan fatawa ce ta malamai, kuma ya kamata a kai musu tambayar tare da sandar a hannu, su ga ƙusoshin roban da idonsu, tun da su ne suka karantar da mu cewa kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya.

Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Jega da Aliero da Maiyama suna da ikon hana mota lodi saboda kuɗin tikiti, don haka suna da ikon hana ta saboda sitiyari. Ƙungiyoyin makanikai da masu walda su gaya wa yaransu cewa wannan sanda ba a dukanta da guduma, ba a kai mata wuta. Kai kuma da za ka sayi mota ta hannu, bayan ka saurari inji ka duba taya, durƙusa ka haska tocila a ƙarƙashin sitiyari. In ka ga tabon walda a jikin sandar ko a maƙalarta, ka sa a canja ta kafin ka biya, in mai ita ya ƙi ka bar masa motarsa.